Amsa: Wane ne Gus Elen, kuma shi ya rubuta waƙoƙinsa?

Ka ce ka ji wani tsohon faifai na Gus Elen, Turancin ya gagare ka, kana kuma son sanin ko shi ya tsara waƙoƙin. An haife shi a Landan a 1862, ya rasu a 1940, kuma ya yi suna a gidajen nishaɗi na Ingila, inda yakan fito da shigar masu tallar kayan gwari a amalanke, yana rera waƙa da karin harshen talakawan gabashin birnin, masu haɗiye harafin h. Wannan ne ya sa ka sha wuya.

A ganina, wadda ta fi daɗi ita ce “If It Wasn't for the 'Ouses in Between”. Wani mai ɗan tsakar gida kamar tafin hannu ne yake alfahari da lambunsa, yana cewa in mutum ya hau tsani ya riƙe madubin hangen nesa zai hango filin Hackney da ke gabashin Landan, ba don gidaje sun tare ba. Dariya ce, amma ƙuncin matsuguni ne a ƙarƙashinta.

Kada ka ɗauka Elen ne ya rubuta ta. Edgar Bateman ne ya rubuta baitukan, George Le Brunn ya sa musu kiɗa, domin a lokacin mawaƙa sayen waƙa suke yi daga marubuta. Kada kuma ka rikita shi da wani mawaƙi, Albert Chevalier, wanda shi ma irin wannan shigar yake yi. In bincike kake yi, ka tuntuɓi ma'aikatan Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, su duba maka takardun waƙoƙin da aka buga.