Anti, Labarina Ya Tsaya Cak A Shafi Na 43

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ina rubuta littafi ina sakinsa a guruf ɗin WhatsApp da manhajar karanta littattafai ta Wattpad kullum bayan isha'i, na kai shafi na 43 inda aka ɗaura wa jarumata aure da wanda ba ta so aka kai ta gidansa, daga nan kaina ya kulle. Sati uku kenan in na ɗau waya sai in rubuta layi biyu in goge, masu karatu kuwa sun hana ni sakat wai ina cigaban yake, har wata ta tambaya ko mutuwa na yi. Anya ba baki ne ya kama ni ba kuwa?
Ƙanwarki daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar baki dai ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma ki bar ta a nan, ni abin da na gani a saƙonki daban ne. Tun ran da kika fara littafin nan wannan ɗaurin auren kike hange, shi ya jawo ki har shafi 43, kin iso wurin kuma baki taɓa zama kin tambayi kanki me yarinyar nan take so ba bayan 'yan kai amarya sun watse sun bar ta a bakin gado da mayafi a ka. Guduwa za ta yi? Zama za ta yi ta gasa masa aya a hannu? Ko akwai abin da za ta tarar a gidan da zai sa ta manta da tsohon saurayin? In ke kanki baki sani ba ai yatsa ba zai motsa ba ko wata nawa za ki yi kina kallon waya.

Ki ajiye taifin tukunna, ki samu wadda kike sakin baki da ita ki ba ta labarin da baki kamar tatsuniya, ki bar ta tana katse ki da "to daga nan sai me?". Ni ya taɓa faruwa da ni, wata biyu na yi ban ƙara ko harafi ba, rannan ina ba wa gwaggona labarin tana tsintar shinkafa a faranti, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce "wai ita uwar yarinyar tana ina ake wannan bidiri?" Wallahi ashe tun shafi na 6 na manta da matar a ƙauye. Wannan tambayar kaɗai ta ba ni babi uku. Ki kunna rikodin a wayarki lokacin, don abin da baki ya faɗa cikin hira da wuya ya dawo in kin zauna rubutu.

Sai fostin ɗin kullum, gaskiya shi ma yana cin ki. Marubutan adabin kasuwar Kano na shekarun 1990 a littafin makaranta da biro suke rubutu, sai sun gama kashi na ɗaya a kai maɗaba'a, na biyu da na uku su biyo baya, ba mai tsaya musu a ka duk dare. Ki faɗa wa 'yan guruf kin koma sau biyu a sati, kuma kar ki saki komai sai kin tara shafi biyar a ajiye.

In har yanzu abin ya ƙi, ki ɗan huta da gajeren labari, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, kalma 1000 zuwa 1500 ne kacal, a kwana biyu kin gama kin ji daɗin ganin ƙarshen abu.

Ita kuma mai tambayar ko kin mutu, tura mata sitikar dariya ki ce jarumar ce ke cin amarci, sai ta fito.