Ɗana, Ga Dalilin Da Ya Sa Ba A Ɗora Maka Geji A Hannu Ba Tukuna

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, Allah Ya ƙara mata lafiya.

Ka ce tun da ka fara koyon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, aikinka bai wuce ɗaukar akwatin kaya, wanke kwandensa da miƙa sifana ba, maigidanka bai taɓa barin ka ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, ko ka zuba gas ba. Kana tambaya ko wannan al'ada ta dogon jira tana da tushe, ko kuwa manya ne kawai ke riƙe yara don su sami masu yi musu hidima. Ka kuma ce ka ga kwas na 'yan watanni mai ba da takardar shaida, kana tunanin barin maigida ka koma can. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke, domin a cikin wannan sana'a na tsufa, kuma ina kishinta.

Al'adar tana da tushe, tushen kuwa yana cikin firjin kansa. In kafinta ya yi ƙofa karkatacciya, kowa zai gani tun kafin ya tattara kayansa. Mu aikinmu a rufe yake cikin bututu, ba mai leƙawa. Za ka iya yin aikin banza, firji ya yi sanyi a gabanka, mai shi ya yi godiya ya sallame ka, bayan wasu watanni kwamfureso ya ƙone. Ba wanda zai danganta ƙonewar da hannunka, har kai kanka ba za ka sani ba. Wanda yake koyo shi kaɗai zai yi ta maimaita kuskure ɗaya shekara da shekaru yana ɗauka ƙwarewa ce. Maganin haka shi ne wani ya tsaya a kanka, wanda ya ga ƙarshen irin wannan aiki sau da yawa, ya riƙe hannunka tun kafin ka aikata.

Ka san zagayen da gas ke yi. Kwamfureso ya matsa shi ya yi zafi, kwandensa ya fitar da zafin waje har gas ɗin ya zama ruwa, siririn bututu ya rage masa matsi, ya shiga bututun ciki ya tafasa yana zuƙe zafin abin da aka ajiye, sannan ya koma wa kwamfureso. Wannan a yini guda ake haddace shi. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne gane abin da zagayen ke nufi ga mai gyara. Na farko: gas ba ya ƙarewa. Ba mai ba ne da inji ke ƙonawa. In ya ragu, akwai yoyo a wani wuri, kuma duk wanda ya ƙara gas bai nemo yoyon ya toshe ba, ya karɓi kuɗin mutane ne a kan abin da zai sake tsiyayewa. Wannan ɗabi'a ta "a ƙara gas" ita ta fi komai zubar wa sana'armu mutunci, kuma masu gaggawar cin gashin kansu ne suka fi yin ta.

Bari in nuna maka abu biyu da nake so ka sa wa ido gobe in kun fita aiki.

Ka lura da maigidanka bayan ya gama haɗa bututu, lokacin da ya ɗaura injin zuƙe iska. Mai sani ba ya kashe injin don ya ga an ɗan jima. Yana jira ma'auni ya sauka, yawanci zuwa maikuron 500 (awon ragowar iskar da ke cikin bututu), sannan ya rufe bawul ya tsaya yana kallo. In lambar ta tsaya cak, cikin ya bushe kuma ba ƙofa. In ta riƙa hawa ba tsayawa, akwai yoyo. In ta hau kaɗan ta tsaya, akwai sauran danshi. Wannan danshi shi ne babban abokin gabarmu. A firjin gida ramin siririn bututun nan bai kai milimita ɗaya ba, ɗigon ruwa guda in ya daskare a bakinsa ya toshe hanya. Ga shi kuma man kwamfureson da ake amfani da shi da gas irin R-134a da R-410A yana shan danshi da sauri, in sun haɗu sai su haifar da asid mai cin rufin wayar da ke cikin kwamfureso a hankali. Wanda ya yi gajen haƙuri a nan ya riga ya rubuta wa injin ranar mutuwarsa.

Na biyu, walda. In ka samu guntun bututun jan ƙarfe da aka yi wa walda ba tare da an busa naitirojin a ciki ba, ka yanka shi ka duba. Za ka ga baƙin ɓawo ya lulluɓe cikin, in ka ƙwanƙwasa sai ya zubo a tafin hannunka. Daga waje waldar tana sheƙi, ba ka da abin cewa. Amma wannan ɓawon zai bi gas ya je ya cushe matata da siririn bututu. Shi ya sa ake sakin naitirojin kaɗan kaɗan yana ratsa bututun lokacin da wuta ke kansa. A littafi layi ɗaya ne. A hannu kuwa sai ka san yawan wutar da ta isa, da launin da jan ƙarfe ke yi in ya kai, da lokacin janye wutar don kada ka ƙona bawul ɗin da ke kusa. Ido da yatsu ke koyon wannan, kuma ba sa koyo da sauri.

Wanke kwandensar da kake rainawa ma karatu ne. Da yawa daga cikin na'urorin da ake kira a ce sun daina sanyi, ƙura ce ta toshe su, ko fanka ta mutu, ko kafasita, ɗan abin da ke ajiye wutar lantarki don taimaka wa mota ta juya, ta yi rauni, gas ɗinsu lafiya lau. Yaron da ya wanke su da yawa yana fara gane ƙarar inji mai lafiya da mai wahala, yana taɓa bututun da ke komawa kwamfureso ya ji ko sanyinsa daidai ne. In aka ba shi geji da wuri, komai sai ya ce gas ne.

Ga kuma maganar rai, wadda ita ta fi damuna a kanka. Kafasita tana riƙe wuta bayan an cire soket. Ruwan R-134a yana tafasa a awo 26 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, na R-22 a kusan 41 ƙasa da sifili, in ya fesu a fata yana ƙona ta, in a ido ne abin ya fi muni. Matsin R-410A ya ninka na R-22 kusan sau ɗaya da rabi, tiyo da gejin da aka yi don tsohon ba su dace da shi ba. Kada ka taɓa, ko da wasa, gwada yoyo da iskar oksijin. In ta haɗu da man da ke cikin injin ƙarƙashin matsi, fashewa take yi. Naitirojin ake sawa, shi ma da na'urar daidaita matsi a kan tukunyar. Maigidan da ya hana ka taɓa waɗannan har sai ya gamsu da nutsuwarka, amanar iyayenka yake riƙewa.

To amma kada ka ɗauka ina cewa ka yi watsi da takarda. A'a. A nan ne nake saɓa wa wasu tsararrakina, masu cewa hannu kaɗai ya isa. Hannu yana koya maka abin da maigida ya sani, gas kuwa yana canzawa fiye da yadda mutum ɗaya zai iya bi. Firjin farko da amoniya da wasu iskoki masu guba ake cika su, suna kashe mutane in sun yi yoyo. A 1928 Thomas Midgley da abokan aikinsa a Amurka suka samar da irin gas ɗin da aka sani da Freon, wanda ba ya kama wuta, aka ɗauka an huta. Sai a 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa yana lalata ozon, rufin da ke tare mana mugun hasken rana a sararin samaniya. A 1985 aka ba da rahoton ramin ozon a saman Antatika, a 1987 ƙasashe suka sa hannu a Yarjejeniyar Montreal, R-12, wanda yake irin Freon ne, ya fara ɓacewa, R-22 ya bi sahu daga baya. Waɗanda suka maye gurbinsu ba sa cin ozon, amma suna ɗumama duniya: kilo ɗaya na R-134a daidai yake da kilo 1,430 na iskar kabon, na R-410A ya haura 2,000. Don haka a 2016 aka yi wa yarjejeniyar gyara a Kigali, aka amince a rage su su ma.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne gas ɗin zamaninka mai kama wuta ne. R-600a da ke cikin yawancin sababbin firjin gida da R-290 'yan uwan gas ɗin girki ne, R-32 na na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana ci, ko da yake ba kamar su ba. Tsohon da ya saba sa wuta ya cire kwamfureso ba tare da ya duba lambar da ke jikin injin ba, yau yana iya tada gobara. Waɗannan firji ɗan gas kaɗan suke ɗauka, sau da yawa bai kai giram 100 ba, da sikeli ake auna shi bisa abin da aka rubuta, ba da ƙiyasi ba. Akwai kuma jabun gas. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Burazil har ma'aikata suka mutu, aka gano an cika su da jabun R-134a da aka gauraya da R-40, wanda ke cin alminiyon da ke cikin kwamfureso. Irin wannan ilimi a aji ake samunsa, wurin malamin da ke bin abin da ke faruwa.

Shi ya sa ƙasashen da suka tsara sana'ar ba su zaɓi ɗaya suka bar ɗaya ba. A Jamus ɗan koyo yana shekara uku da rabi, wasu kwanaki a wurin aiki ƙarƙashin ƙwararre, wasu a makarantar sana'a, sannan ya yi jarrabawar rubutu da ta hannu, kuma kafin ya buɗe wurinsa a ƙa'ida sai an samu shaidar babban gwani. A Ostareliya yawanci shekara huɗu ce, ga lasisin taɓa gas daban. A Amurka doka ta hana sakin gas ɗin firji a iska da gangan tun 1992, kuma akwai shaidar da ake kira Sashe na 608, mai rukuni huɗu: ƙananan na'urori, masu babban matsi, masu ƙaramin matsi, da mai haɗa duka. Tarayyar Turai ma tana da dokarta da ta wajabta shaida ga mai aiki da waɗannan iskoki. Ka lura da wani abu game da ta Amurkan: jarrabawar rubutu ce, mai ƙoƙari yana iya cinye ta cikin ɗan lokaci. Tana ba ka izinin saye da taɓa gas, ba ta ce ka iya gyara ba. Su ma can shekaru ake yi ana koyo kafin a kira mutum makaniki. Jiran da kake yi ba zaluncin maigidanka ba ne shi kaɗai, haka sana'ar take a ko'ina.

Duk da haka zarginka ba banza ba ne, akwai masu fakewa da al'ada su ci gumin yara. Yadda za ka bambance shi ne ka duba ko jiran naka yana tafiya. Mai koyarwa na gaskiya yana magana yana aiki, yana juyo maka fuskar geji ya ce me ka gani, yana barin ka faɗi ciwon inji kafin shi ya faɗa. Yana da matakai: wanki da kwance murfi, sai gwajin lantarki da mita, sai yanka da lanƙwasa bututu da buɗe bakinsa, sai walda a kan guntaye, sai zuƙe iska, zuba gas a ƙarshe. Wanda yake juya maka baya in ya zo wurin da ilimin yake, ko ya aike ka daidai lokacin, ko kuma ya kasa gaya maka ranar yaye ko da a ƙiyasce, wannan ba al'ada yake bi ba. Ka same shi cikin ladabi, lokacin da ba baƙo a wurin, ka ce kana so ka san abin da ya rage maka kafin ya yarda da hannunka. Amsarsa za ta gaya maka irin mutumin da kake tare da shi. In ta kama a canza wuri, manya ne za su je su yi magana, ba kai za ka ɓace kawai ba.

Game da kwas ɗin, shawarata ka yi shi ba tare da ka bar wurin aiki ba, da yamma ko a ranakun hutu, kuma da sanin maigidanka. Kafin a biya komai ka je ka ga wurin da idonka. Ka duba ko suna da injin zuƙe iska, tukunyar naitirojin, sikeli da injin kwashe gas zuwa tukunya, kuma ko ɗalibai ne ke taɓa su ko ajiye suke don ado. Ka tambaya ko suna koyar da aiki da gas mai kama wuta da karanta zanen wayoyin lantarki, domin sababbin na'urori masu inbata rabin ciwonsu a allon lantarki yake. Ka tambaya wace hukuma ce ta san da takardar, kuma ko akwai jarrabawar hannu. Asibitin da ke ajiye allurar rigakafi tsakanin awo 2 zuwa 8, ko kamfanin da ke da ɗakin sanyi, takarda za su fara tambayarka kafin su bar ka kusa da injinsu, kuma ina so wata rana ka kai can.

Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowane aikin da kuka je: irin na'urar, lambar gas, abin da mai ita ya ce, abin da aka gano, da abin da aka yi. Ka turo mini sunayen darussan kwas ɗin da tsawon lokacinsa in duba maka kafin mahaifiyarka ta fitar da kuɗi. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a wurin aiki.

Kawunka.