Tambaya da Amsa: Yaran lungunmu sun mai da dare rana

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. A lungunmu samari 'yan shekara 14 zuwa 17 sai su kai ɗayan dare a waje, wasu gurin mai shayi wasu sun taso daga gidan kallon ƙwallo, har da ɗana a ciki. Tunda aka ƙwace wa maƙociyarmu waya magidanta suka yi taro, an sa get, kowane gida zai dinga bada kuɗin 'yan sintiri, wai kuma duk yaron da aka kama bayan sha ɗaya a zane shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ya zan yi?
Maman samari, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya tsoron maƙotanku ba na banza bane, ƙwacen waya da faɗan daba sun ci rayuka a Kano, kin san ma a 2022 gwamnati ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. To get da sintiri ban ga laifinsu ba.

Maganar dukan ce bazan goyi baya ba. A da in dattijo ya ga yaro a waje da dare sunansa zai kira, ya ce wane me kake yi nan, ya kama hannunsa har ƙofar gidan ubansa kuma uban ya yi godiya, shi ake nufi da ɗa na kowa ne. Yanzu unguwa ta cika da 'yan haya, maƙoci bai san ɗan maƙocinsa ba, in kuma ka tsawatar uwar yaron ce zata fito ta wanke ka tas, sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, daga ƙarshe aka miƙa tarbiyyar ga mai gora da tocila wanda bai san ɗan gida ba bai san ɓarawo ba. A cikin duhu ihun ɓarawo ɗaya ya isa a rasa rai, wallahi har yau in na tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar dawowa Kano sai jikina ya yi sanyi, zargi ne kawai ya jawo.

Ki sa maigidanki ya koma gurin mai unguwa a sake zama, a kira limami da su kansu samarin, a rubuta dokar kowa ya ji: wanda aka gani bayan lokaci a raka shi gida a gaya wa iyayensa, wanda aka samu da wuƙa ko ƙwaya a miƙa shi ga 'yan sanda, ba mai taɓa lafiyar kowa. 'Yan sintirin ma su zama 'yan unguwa da DPO ya san da zamansu. Daren da ake wasan Turai a yi magana da mai gidan kallo, ana tashi ya sallami yara.

Sai naki ɗan Hajiya, shi kam a hannunki yake. Ki san abokansa da sunansu da gidajensu, ki lura da idonsa da yanayin maganarsa in ya shigo, in kin gan shi da wayar da ba ku kuka saya ba ki tambaya a take. Babansa ya sa masa lokacin shigowa, kuma shi ma baban ya dinga tashi daga majalisa kafin lokacin ya cika.