Abin da ya sa MDA ɗin ɓerayen kwatance ya haura

Ka tambaya me ya sa ɓerayen kwatance, waɗanda ba su sha maganin gwaji ba, MDA ɗin ƙwaƙwalwarsu (malondialdehyde, sinadarin da ake aunawa don gane lalacewar kitse) ya kusa kamo na waɗanda suka sha. To ɗana, kafin ka ɗora wa na'ura laifi, duba maganin sa barcin da ka kwantar da su da shi.

Ƙwaƙwalwa ba ta da juriya. Tana shan oksijin da yawa, kitse ya cika ta, ga katalas ɗinta, sinadarin da ke kare ta daga lahanin oksijin, kaɗan ne in ka gwada da na hanta. Da zarar burbushin oksijin masu lahani sun yi yawa, sai kitsen nan ya kama tsatsa, kuma MDA da kake aunawa tokar wannan tsatsar ce. Ketamin, maganin sa barcin kansa, yana iya hura ta, musamman in an maimaita allurar. Zailazin kuwa, wanda ake haɗawa da ketamin, yana rage numfashi da bugun zuciya, jikin ɓera ya yi sanyi, oksijin ya ragu a ƙwaƙwalwa, sannan ya dawo da ƙarfi. A wannan dawowar ake yin ɓarnar. Furofofol, wani maganin sa barcin, akasin haka yake, ƙirarsa ta yi kama da ta bitamin E, don haka yana iya danne MDA ya ɓoye maka lahanin da kake nema.

Saboda haka auna nauyin kowane ɓera, ban da kintace. Ketamin miligiram 80 zuwa 100, zailazin 5 zuwa 10 a kowane kilo, ta kogon ciki, iri ɗaya ga kowane rukuni. Ka riƙe zafin jikinsa a digiri 37, kuma mintocin da ke tsakanin allura da ciro ƙwaƙwalwa su zama daidai ga kowa.

Sauran kuskuren na hannu ne. Wanke jinin da ke jikin ƙwaƙwalwar da ruwan gishiri mai sanyi, domin ƙarfen da ke cikin jini yana ci gaba da tsatsar har a cikin kwalba. Niƙa giram ɗaya na ƙwaƙwalwar a mililita 9 na ruwan fosfet mai pH 7.4, a kan ƙanƙara, ka ɗiga BHT, sinadarin da ke hana kitse tsatsa. In ka manta da shi, dafawar minti 60 a digiri 95 da ake yi wajen auna MDA za ta haifar da sabon MDA, launin ruwan hodar da na'ura ke karantawa a nanomita 532 ya ƙara duhu. Kada ka sa sukari a ruwan niƙa, yana ba da launin ƙarya. Abin da ya rage ka ajiye shi a digiri 80 ƙasa da sifili, kashi-kashi, don wanda ya narke sau ɗaya ba ya komawa firiza.