Tambaya da Amsa: Ɗakin Karatun Dandaji

Tambaya: Malam, ɗana ya dawo daga lakwal yana cewa a Dandaji an mai da masallaci ɗakin karatu, kuma wai ginin ƙasa ne. Gaskiya ne? Damina ba za ta ci littattafan ba? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Hajiya, yaronki bai yi ƙarya ba. Dandaji na nan cikin jiharmu ta Tawa, wajen Illela. Tsohon masallacin Juma'ar garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da ya gina masallacin Yama, wanda aka fara a 1962 kuma ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da ginin na Dandaji ya tsufa, jama'a kuma ta yi masa yawa, sai aka fara maganar rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka ce a bar shi a tsaye, a gyara, a zuba littattafai, a gina sabon masallaci a gefe mai ɗaukar mutum kusan 1,000. Aka gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma, tsohon gidan ilimi da littattafai na Bagadaza.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne an nemo magina daga cikin waɗanda suka yi aikin farko, su suka gyara abinsu. Ranar da na shiga ana tsakar bazara ne, rana ta take, amma daga bakin ƙofa na ji sanyi kamar na randa. Na ɗaga kai na daɗe ina kallon bakan gizon rufin, wato lanƙwasassun ginin da ke riƙe da shi, da tulluwa. Tsakanin ginshiƙai an jera kantocin littattafai, an kuma ɗora ɗan bene na zaman karatu. Ni dai ban ga ɗakin siminti da kwano da zai ba yaro wannan natsuwa a watan Afrilu ba.

Batun damina kuwa, ginin ƙasa ba ya tsoron ruwa muddin ana sabunta yaɓe, indararo kuma na zubar da ruwa nesa da bango. Sakaci ke kashe shi. Sabon masallacin ma da tubalin jar ƙasa aka yi shi, irin wanda ake matsewa da inji.

In hutu ya zo, ki sa babansa ya kai shi, su biya ta Yama.