Tambaya da Amsa: Karatun tarihin gida zai rage wa ɗiyata shekara a jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Wani ƙanena da ke Amurka ya ce can yaran sakandare suna karanta tarihi da al'adun ƙabilun asali na ƙasar, kuma a lissafa musu shi cikin karatun jami'a. Ɗiyata tana aji biyu na babbar sakandare, ba abin da take so kamar tarihin Shehu da Nana Asma'u. Akwai irin wannan hanya a nan? Daga wani magidanci a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abin da ƙanenka ya faɗa haka yake. A Amurka makarantar sakandare kan ƙulla yarjejeniya da kwaleji, yaro ya ɗauki kwas ɗin kwalejin tun yana sakandare, in ya ci a rubuta masa shi a takardun makarantun biyu. Kwas ɗaya galibi maki uku ne (su kiredit suke ce wa makin), digiri kuma wajen maki 120 ne, saboda haka wanda ya tara kwas biyar ya rage wa kansa zangon karatu guda. Ƙabilun asali na can suna da kwalejojin kansu. Ta farko ita ce Kwalejin Diné ta ƙabilar Nabaho a jihar Arizona, wadda aka kafa a 1968. Jihar Montana kuma ta yi doka a 1999 da ta wajabta koyar da tarihin waɗannan ƙabilu a makarantun gwamnati.

A nan gida darasin da yaro ya yi a ajin sakandare ba ya bin shi jami'a. Kada kalmar kiredit ta ruɗe ka: kiredit ɗin WAEC ko NECO ƙofa kawai yake buɗewa, ba ya rage ko kwana ɗaya. Abin da ke rage shekara shi ne karatun share fage bayan kammala sakandare, wato IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke shirya jarrabawarta, ko JUPEB, wadda cibiyarta ke Legas. Ana yinsa cikin abin da bai wuce shekara guda ba, ɗalibi ya zaɓi darussa uku. Wanda ya ci sai ya sayi fom ɗin DE (Direct Entry, wato shiga kai tsaye) na JAMB, ya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Tarihi da Hausa da Nazarin Addinin Musulunci haɗi ne da ya dace da yarinya irin ɗiyarka, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Sashen Tarihi da Sashen Harsunan Nijeriya.

Aikinka na farko tun yanzu ne, kafin a rufe rajistar WAEC. Ka je makarantar da ƙafarka ka ga jerin darussan da za a yi mata rajista. Makarantu da yawa ba su da malamin tarihi, domin an cire darasin daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai bayan kusan shekara goma aka dawo da shi, malamai suka yi ƙaranci. Sai a tura 'yan ajin Arts duka su yi darasin Gwamnati (Government) ba tare da an tambaye su ba. In akwai malami, ka sa a rubuta mata Tarihi da Hausa. Tana buƙatar kiredit biyar har da Turanci, cikin zama da bai wuce biyu ba.

Inda iyaye suka fi yin asara shi ne cibiyar karatun. Akwai masu kafa allo a bakin titi su karɓi kuɗi alhali ba su da rajista da hukumar jarrabawar. Kafin ka biya ko kwabo, nemi sunan cibiyar a jerin da hukumar ta amince da su. JAMB yanzu tana tantance sakamakon DE daga wurin waɗanda suka ba da shi, takardar bogi ba ta wucewa. Sannan ka duba littafin sharuɗɗan JAMB na shekarar kafin zaɓen darussa, don wanda ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin da yake nema ba, ko ya ci A uku ba za a ɗauke shi ba. A sakamakon IJMB, darajar A tana da maki biyar, a sauko har E mai maki ɗaya, kuma kowace jami'a da adadin da take yankewa. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da WAEC da takardar IJMB. Usman a nan, Usmanu a can, ya isa ya tsayar da yaro shekara guda.

Mu dai shawararmu ta rubuta jarrabawar JAMB ta gama-gari ma. In ta samu gurbi, shi ke nan. In ba ta samu ba, IJMB ta hana ta zaman gida, kuma sakamakonta ba ya mutuwa bayan shekara ɗaya kamar na JAMB. Ta kuma sani manhajar Tarihi ba ta tsaya a Sakkwato ba: akwai Borno da Oyo da Benin da mulkin mallaka.

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata. Ina so ɗalibaina su yi bincike kan tarihin garin nan. Ta ina zan fara, kuma zai amfane su a jarrabawa? Daga Runjin Sambo.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara miki himma. Makinsa ba zai wuce na gwajin aji ba, amma hannun da ya saba auna labari shi ke cin tambayoyin zube.

Ki raba su rukuni na biyar-biyar, kowane rukuni da tambaya ɗaya ƙarama. "Tarihin Daular Usmaniyya" ya yi musu faɗi, kwafowa za su yi daga intanet. Ki ba su irin: yaya jaji-jajin Nana Asma'u, wato matan da ta horar, suke kai karatu ƙauyuka a tsarin 'Yan Taru? Me ya sa Muhammadu Bello ya zauna a Wurno har ya rasu a can a 1837? Me ya faru a Giginya ranar 15 ga Maris 1903? Ki rubuta takarda daga ofishin shugabar makaranta zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu kafin ku je, ku kuma ziyarci Hubbare.

Kowane rukuni ya yi hira da dattawa biyu aƙalla, kowa shi kaɗai, domin in aka haɗa su ƙaramin kan yi shiru ya bar wa babba. Su nemi izini kafin su kunna rikoda a waya, su rubuta ranar hira da wurin, su kuma tambayi dattijo: "Baba, daga bakin wa ka ji wannan?" Amsar wannan tambaya ita ke nuna nauyin labarin.

Shekaru suna yawan rikita yara, saboda rubuce-rubucenmu da lissafin Hijira suke. Ki koya musu su ninka shekarar Hijira da 0.97 su ƙara 622. Rasuwar Shehu a 1232 za ta ba su 1817. Lissafin kan goce da shekara ɗaya: hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1218 zai nuna 1803, alhali a Fabrairun 1804 aka yi ta, don ƙarshen shekarar Hijira ce.

Kuma kada su ji ɓangare ɗaya. Labarin faɗuwar Alƙalawa a 1808 yana da yadda Gobirawa ke ba da shi, Kabawan Argungu ma suna da nasu game da Kanta da Surame. Hanyar gabashin jihar, inda ƙasar Gobir take, ba ta kai yara ba ce a halin tsaron da ake ciki, amma akwai dattawan Gobir da dama a cikin gari. Ki tambayi ɗalibanki, da wuya a rasa wadda kakanta Bagobiri ne.