Murfin Rami, Lambatu da Rariya: Amsoshin Wannan Mako

Malam, me ake kiran faifan ƙarfen da ke rufe rami a tsakiyar titi? (Daga Tudun Wada, Gusau)

Murfi ne. Magina na ce wa ramin "manhol", amma "ramin duba magudana" ya wadatar, don ta nan ma'aikaci ke sauka ya yashe datti ko ya gyara bututu. Da narkakken ƙarfe ake zuba murfin, yana iya kai kilo 50 ko fiye, da ɗan huji inda ake saƙala ƙugiya a ɗaga. An yi shi kewayayye ne don ko ta ina aka juya shi ba zai faɗa ciki ba, mai kusurwa huɗu kuwa in an karkata shi sai ya zurma. In an buɗe, a bar ramin ya sha iska kafin a shiga: iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya, kuma tana kisa. Inda ɓarayin ƙarfe suka ɗauke murfi, za ka ga an cusa tsohuwar taya ko reshen dogonyaro a bakin ramin. Ruwan damina na rufewa, alamar ta ɓace, ɗan acaɓa ya afka.

Kwalbati da lambatu ɗaya ne? (Daga Ƙaura Namoda)

A'a, kuma haɗa su da ake yi har a rediyo yana damuna. Lambatu shi ne magudanar da ke bin gefen titi a buɗe. Kwalbati kuwa a ƙarƙashin hanya yake ratsawa, mota ta bi ta kansa. Kwatami rami ne a bayan gida inda ruwan wanka ke taruwa, ba ya gudu. Wanda ya ce wa birkila "yi mini kwalbati" alhali silab, wato faifan kankaren da ake rufe lambatu da shi, yake so a ƙofar gida, kada ya yi mamakin kuɗin da za a yanka masa. Silab ɗin ma a sa rodi, a cuɗa kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa kwana 7. Gaggawar ɗora mota ke tsaga shi.

Ga kuma rariya, wadda yaranmu ke saki. Su abin tankaɗe gari kawai suka sani. Kafar da ruwa ke fita ta gindin katanga ma rariya ce, kuma a bakin dattawan ƙasar Zamfara, "yaro ya hita rariya" na nufin ya fita kan hanya. Muna da wannan, me ya sa kullum sai "layi"?

Ma'anar "ramin ƙarya ƙurarre ne"? (Daga Talata Mafara)

Ba shi da zurfi, ɗiyata. Maƙaryaci bai nisa ake cim masa.

Shataletale ko randabawul?

Shataletale.